Salularka tana da ranar mutuwa, sai dai ba a rubuta ta bisa kwali ba

 Kafin ku ci gaba da karatu ina roƙon alfarma guda, ba za ta ci maku minti ɗaya ba. Kowa ya shiga Paramètres na salularshi, ya gangara can ƙasa inda aka rubuta À propos du téléphone, ya taɓa Version d'Android. Wani lokaci sai an ɗan lalaba, don kowane kamfani da inda yake ajiye abin. Akwai layin da ke cewa Mise à jour de sécurité, da kwanan wata ƙarƙashinshi. Kwanan watan ga shi ne na facin tsaro na ƙarshe da ya shiga wayarka. In na wata biyu ko uku da suka wuce ne, madalla. In kuwa ka ga 2021 ko 2022, to ɗayan biyu ne: ko dai kai ne kullum kake danna Plus tard, ko kuma kamfanin da ya ƙera wayar ya daɗe da shafe sunanta daga littafinshi, bai kuma gaya maka ba.

Na biyun ne ya sa ni wannan rubutu. Amma bari in fara da na farko, tunda shi ke hannunmu.

Waya dai ba ƙarfe da gilashi ba ce kawai. Akwai babbar manhaja da ke tuƙa ta, wadda masu gyara ke ce ma sistem. Ita ke karɓar taɓawar yatsanka, ita ke ba WhatsApp izinin buɗe kamara, ita ke hana wata manhaja leƙa saƙonnin wata. A ƙasar nan kusan kowa Android na Google yake riƙe, ƴan kaɗan ke da iOS na Apple. Sabunta ta kuwa iri biyu ne, ko da yake duka mizajur muke ce masu. Akwai babba, wadda ke ɗauke ka daga Android 13 zuwa 14, ta canza ma wayar fuska. Akwai ƙarama, wadda ba ta canza komai da ido ke gani, ramuka kawai take toshewa. Mu babbar muke ɗoki saboda sabbin launuka, alhali ƙaramar ita ce mai gadin gida.

Ni ba na cikin masu zagin mutane don sun ƙi mizajur. Wanda ke sayen forfen dala 40 ya lallaɓa da shi har dare, ka ce mashi ya sauke abu mai giga 1 ko 2, ai ka san amsar da za ka samu. Ga kuran, yanzu akwai, an jima babu, ita kuma wayar ta ce ba ta farawa sai batir ya yi ƙarfi. Ga memwar a cike: wayar giga 32 ce, sistem ya ci nashi rabo, sauran kuma bidiyoyin gurup-gurup da hotunan biki sun mamaye. Sannan ga tsoro. A kowace fada za ka samu wanda zai rantse maka cewa lafiya lau wayarshi take har ranar da ya yi mizajur, tun daga nan ta koma tafiyar hawainiya, batir kuma ba ya kai la'asar. Mutane suna cewa da gangan kamfanoni ke yi don a sayi sabuwa, kuma wannan zargi ba daga sama ya faɗo ba. A Oktoban 2018 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Italiya ta ci Apple tarar yuro miliyan 10, Samsung miliyan 5, a kan sabuntawar da ta rage ma tsofaffin wayoyi ƙarfi. A Fabrairun 2020 Faransa ta sake cin Apple yuro miliyan 25, sama da sefa biliyan 16 kenan, saboda bai sanar da masu iPhone cewa sabon iOS zai iya rage gudun wayoyinsu masu tsohon batir ba. Saboda haka mai tsoron mizajur ba ƙauyanci ke damunshi ba, ya ji labarin da ke da ƙanshin gaskiya ne.

Duk da haka, a ganina, wanda wayarshi ke samun facin tsaro ya ƙi sawa, ya yi ma kanshi mugun ciniki. A Yulin 2015 wani mai bincike, Joshua Drake na kamfanin Zimperium, ya tona wani rami cikin Android da aka sa ma suna Stagefright. Saƙon MMS guda ya isa a shiga wayar mutum, a wasu wayoyin ma ba sai ya buɗe saƙon ba. An ƙiyasta wayoyi kusan miliyan 950 ne abin ya shafa. Daga watan Agustan shekarar ne Google ya fara fitar da facin tsaro wata-wata. Ga inda nake so ku tsaya ku yi tunani: duk watan da aka fitar da faci, ana wallafa jerin ramukan da aka toshe, kowa na iya karantawa. Masu gyara suna karantawa, ɓarayi ma suna karantawa. Kamar a yi shela a unguwa ne a ce makulli kaza yana buɗuwa da ƙusa, kowa ya canza nashi. Wanda bai canza ba, yau ya fi jiya shiga haɗari, don jiya ɓarawo bai sani ba.

Mi ke cikin wayar? Shekara goma da suka wuce lambobi ne da waƙoƙi. Yau MyNita na ciki, AmanaTa na ciki, kuɗin da ke kan layinka na Airtel ko Moov ko Zamani na ciki. Saƙonnin kod da ake turo maka kafin a fitar da kuɗi nan suke sauka. Hoton katin ɗan ƙasa, takardun makaranta, hirar da ba ka so ko ƙaninka ya gani, hotunan ƴar mutane da ta amince ta turo. Waɗanda ke aikin jarida ko fafutuka kuwa nasu ya wuce nan. A 2019 an yi amfani da wani rami cikin WhatsApp aka jefa ma mutane kusan 1400 manhajar leƙen asiri ta Pegasus ta hanyar kira kawai, ko ba su ɗauka ba. A 2020 cibiyar Citizen Lab ta jami'ar Toronto ta nuna cewa cikinsu har da ƴan Togo, ƴan adawa da limaman coci, har da bishop ɗin Kpalimé, Benoît Alowonou. Togo ce fa, nan inda kayanmu ke sauka a tashar Lome. Wancan rami a WhatsApp yake ba a sistem ba, amma abin da ya toshe shi sabuntawa ce. Galibinmu ba wanda zai kashe kuɗin Pegasus a kanmu. Namu ɓarawon ƙarami ne, wata manhajar banza ce da aka turo ta Xender, ta zauna tana karanta saƙonni. Tsohon sistem shi ke sauƙaƙa mata aiki.

To ga wanda ya nemi wifi, ya cika batir, ya share bidiyoyi, ya danna neman mizajur, sai wayar ta ce mashi komai daidai yake, ita ce ta zamani. Alhali kwanan watan na shekara uku da suka wuce ne. Ba ƙarya wayar ta yi ba, abin da take nufi shi ne babu sauran abin da za a aiko mata.

Dalilin yana cikin yadda ake ƙera abin. Google ya rubuta Android ya saki. Daga nan sai mai ƙera ƙwaƙwalwar wayar, MediaTek ko Unisoc ko Qualcomm, ya daidaita shi da nashi ƙarfe. Sannan mai sunan da ke bayan wayar ya ɗora tashi riga, HiOS a Tecno, XOS a Infinix, One UI a Samsung, ya gwada shi bisa kowane samfuri ɗaya bayan ɗaya. Kowane mataki injiniyoyi ne da albashi. Waya kuwa sau ɗaya ake biyan kuɗinta. Duk facin da aka aiko maka bayan ka bar shago, kashewa ce ga kamfani ba samu ba, ribar ƙaramar waya kuma ba ta da kauri. Shi ya sa ƙananan wayoyi da yawa suke mutuwa da Android ɗin da aka haife su da shi, ko su samu ƙari guda a rufe littafi. Google ya yi ƙoƙarin rage tsawon wannan sarƙa, tun daga Android 10 na 2019 wasu sassan sistem ta hanyar Google Play suke sabuntuwa ba sai an jira kamfani ba. Ya taimaka, amma sassa ne, ba duka gidan ba.

A nan sai an yi adalci. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai Tecno da Itel da Infinix, shi ya sa ma talakan Afirka intanet a aljihu lokacin da manyan kamfanoni ba su ɗauke mu masu saye ba. Sim biyu, batir mai jimiri, kamara mai fitar da baƙar fata da kyau, farashin da ɗan kabu-kabu zai iya tarawa. Ba don su ba, da yawancin masu karanta wannan rubutu ba su da abin karanta shi. Kwanan nan ma sun fara alƙawarin shekara biyu ko uku ga wasu manyan samfuransu. Sai dai wanda ya riƙe kasuwar nahiya guda, nauyin da ke kanshi ya fi na kowa. A 2020 masu binciken Secure-D sun gano muguwar manhaja mai suna Triada cikin wayoyin Tecno W2 kusan 53,000 a ƙasashe irin su Habasha, Ghana, Kamaru da Masar. Da ita aka sayo wayoyin, tana cinye ma mutane megas, tana ƙoƙarin sa su cikin abonma da ba su nema ba. Kamfanin ya ce daga wani mai kawo mashi kaya cutar ta shigo, ya kuma fitar da gyara. Gyaran nan ta wace hanya zai isa hannun mai waya? Ta mizajur. Wayar da aka yanke ma wannan hanya, ko an samo maganinta ba ta inda zai shiga.

Ku dubi abin da wasu ke samu. Google ya yi ma Pixel 8, wadda ta fito a Oktoban 2023, alƙawarin shekara 7. Samsung ya bi sahu da Galaxy S24 a Janairun 2024, shi ma shekara 7. Kar a ce sai masu tsada: Galaxy A16, wadda ke cikin ƙananan wayoyin Samsung, shekara 6 aka yi mata. Tarayyar Turai kuwa ba ta tsaya jiran kirkin kamfanoni ba. Tun 20 ga Yunin 2025, duk waya ko tabilet da za ta shiga kasuwarsu, dokar ta ɗaure mai ita da sabunta sistem na aƙalla shekara 5 bayan an daina sayar da samfurin, kayan gyara kuma shekara 7, batir ya jure caji 800 bai sauka ƙasa da kashi 80 cikin 100 na ƙarfinshi ba. Masana'antun da ke ƙera masu su ke ƙera mana. Bambancin kawai, can akwai wanda ya tambaya.

Mu kuwa ba mu sanin waya ta mutu sai ranar da wata manhaja ta juya mata baya. A 24 ga Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a duk wayar da ba ta kai Android 5 ba. A 2024 shafukan intanet masu yawa suka fara ƙin buɗuwa lafiya a wayoyin da ke ƙasa da Android 7.1.1, saboda ba su san takardar shaidar tsaro ta Let's Encrypt da shafukan ke amfani da ita ba. Mai wayar bai san wannan ba, rezo zai yi ta zagi. A 2025 WhatsApp ya sake yanke duk iPhone da ba ta kai iOS 15.1 ba, wato 5s da 6 da 6 Plus. Ku lura da wannan, masu son iPhone okaziyo: iPhone 6 ta tsaya a iOS 12, ita kuwa 6s ta 2015 ta kai har iOS 15. A ido kusan ba ka bambanta su, harafi guda ne tsakani, amma ɗaya tana WhatsApp ɗaya ba ta yi. Wayoyin da Turai da Dubai suka gama yayi, su ake lodowa a kwali, wasu ta Kano su shigo Maraɗi, a goge su su yi ƙyalli, a jera a gilashi. Mai saye ya duba kamara, ya duba batir, ya murza gefe ya ga ba ta taɓa faɗuwa ba. Shekara nawa suka rage mata a wurin kamfaninta, ba mai tambaya, sau da yawa shi kanshi mai shagon bai sani ba. Sayen kifi a ruwa kenan. Kuma wa ke ƙarewa da waɗannan wayoyi? Iyayenmu mata da muke miƙa ma tsohuwar waya in mun yi sabuwa, da ƙannenmu na ƙauye, mutanen da saƙon murya na WhatsApp shi ne wasiƙarsu da ɗan da ke Libiya ko Abijan.

Daga nan sai a nufi teburin mai gyara a ce a yi mata filashi. Ina girmama yaran nan ƙwarai. A babbar kasuwar Yamai, a kasuwar Dole ta Damagaram, a Maraɗi da Tawa, za ka ga saurayi da tsohuwar kwamfuta da tarin igiyoyi, ba wanda ya koya mashi a aji, yana tada wayar da kamfaninta ya manta da ita. Amma a san mi filashi yake. Shafe sistem ne gaba ɗaya a sake zuba wani. In wayar ta maƙale a tambari ba ta wucewa, ko wata muguwar manhaja ta yi mata kaka-gida, filashi na iya zama magani. Abin da ba ya yi shi ne mayar da tsohuwa yarinya. Galibi sistem ɗin da ta zo da shi ake mayar mata, da ramukanshi duka. Fayil ɗin kuma daga ina? Daga wani shafi da ba wanda ya san mai shi, ba wanda ya bincika ko an cusa wani abu ciki. In aka zuba na wani samfuri mai kama da naka, sai ka ga allo ya daina jin taɓawa ko kamara ta mutu. A wayoyin MediaTek, kuskure guda wurin shafewa na iya tafiya da lambar IMEI, waya ta tashi lafiya amma ba ta kama rezo. Garin neman gira a rasa ido. Kafin ka miƙa, ka danna *#06# ka rubuta lambar da ta fito, in an maido maka ka sake dubawa.

Akwai kuma wanda ya fi wannan yawan kama mutane. Tun Android 5.1, wayar da aka shafe ba ta buɗuwa sai an sa adireshin Google da kalmar sirrin da ke kanta tun farko. An yi shi ne don ɓarawo ya rasa amfanin abin da ya sata, kuma dabara ce mai kyau. Matsalar, mu nan da yawa ba mu muka buɗe ma kanmu adireshin ba. Ranar da aka sayi wayar, yaron shago ne ya ƙirƙira cikin gaggawa, ya sa kalmar da ya ga dama, mai waya ya tafi gida da murna. Bayan shekara biyu an shafe waya, ta ce kawo kalmar sirri, sai kallon-kallo. Sai a biya wani kuɗin a fasa makullin, lambobi da hotuna da ke ajiye a wancan adireshi kuwa sun tafi kenan. A iPhone ma ya fi tsanani, makullin iCloud filashi ba ya cire shi, shi ya sa kar ka biya kuɗin okaziyo sai an fita daga asusun tsohon mai ita a gabanka. Duk wanda bai san adireshinshi da kalmarshi ba, ya gyara wannan yau tun wayar na numfashi, ya rubuta a takarda ya ajiye inda yake ajiye takardar haihuwa.

Sannan batun sirri, wanda ba mu cika son faɗa ba. Kana miƙa waya a buɗe, ka faɗi kod, ka tafi sallah ko cin abinci. Mafi yawan masu gyara mutanen kirki ne masu tsare amana. Amma guda ɗaya ya isa ya ɓata rayuwar yarinya, kuma duk mun san yadda hoto ke yawo a garin nan in ya fita. Ƴan'uwa mata musamman, ku cire sim da katin memwar, ku kwashe abin da za a iya kwashewa, in aikin na son a buɗe wayar to a yi shi kuna zaune. Wanda ya ji haushi don kin ce za ki jira, ki ɗauki wayarki ki yi gaba.

Wasu cikin masu karatu, ƴan jami'a da masu son kwamfuta, za su ce ai akwai mafita, a cire sistem ɗin kamfani a sa wani. Gaskiya ne akwai. LineageOS, wanda ya gaji CyanogenMod a ƙarshen 2016, masu sa kai ne ke riƙe da shi, suna ba wayoyin da aka yasar sabon Android kyauta. Abin burgewa ne, kuma ina so in ga matasanmu cikin masu yin shi, ba masu saukewa kawai ba. Sai dai ka buɗe jerin wayoyin da suke tallafawa: Pixel, Motorola, Xiaomi, OnePlus, wasu Samsung. Irin waɗanda suka cika aljihunmu da wuya ka ga ko ɗaya, don aikin na son kamfani ya bari a buɗe makullin wayar, ya kuma saki bayanan da za a yi aiki da su. Ko ka samu taka a ciki, buɗe makullin yana shafe komai, kuma wasu manhajojin banki da na kuɗi suna ƙin tashi a wayar da aka taɓa ma sistem. Hanya ce ga mai waya biyu da lokacin gwaji. Ba amsa ba ce ga mai sayar da ƙosai da ke karɓar kuɗinta ta waya.

Tabilet kuwa nata ya fi muni, don ba a canza ta da sauri kamar waya. Waɗanda ake saya ma yara, marasa sanannen suna, yawanci ba su taɓa ganin faci ko ɗaya ba tun fitowarsu daga kwali, wasu ma lambar Android da suke nunawa ba ta gaskiya ba ce. Na kuma sha ganin tabilet ɗin da wani furoje ya raba don aikin ƙidaya ko na makaranta, furoje ya ƙare, motoci sun tafi, na'urori suna nan da sunayen mutane da lambobinsu a ciki, ba wanda aka ɗora ma alhakin sabunta su ko shafe su.

Na san abin da za a ce mani: in aka matsa ma kamfanoni, farashi zai hau, talaka zai rasa wayar gaba ɗaya. Magana ce mai nauyi a ƙasar da mafi ƙarancin albashi jika 42 ne. Ana iya yin lissafi a ce wayar jika 60 da za ta yi shekara 2 ta fi wayar jika 100 mai shekara 6 tsada, tunda ta farko jika 30 take ci a shekara, ta biyu ba ta kai 17 ba. Lissafin daidai ne, amma wanda jika 60 ɗin ma sai da ya yi adashi, ba ka ce mashi ya ƙaro 40. Saboda haka ni ban ce a kwafo dokar Turai gobe da safe ba, kuma ban ce a hana shigo da okaziyo ba. Abin da nake nema bai kai nan ba. A faɗa ma mai saye gaskiya kawai. Ingila ta yi haka tun Afrilun 2024: ba ta ce sai ka ba da shekara kaza ba, ta ce dole ka bayyana har zuwa yaushe za ka riƙa aiko da facin tsaro. Kuɗin tawada kawai wannan zai ci. Gwangwanin madara ma da ranar lalacewarshi a gindi, maganin ciwon kai haka. In mutum ya ga an rubuta shekara 1 ya ce ya ji ya gani, ita yake iyawa, wannan zaɓinshi ne. Ba daidai ba ne a bar shi ya gano bayan kuɗi sun fita.

Kuma ba daga sifiri za a fara ba. Tun 2015 Nijar tana da dokar kare masu saye. Muna da ARCEP mai kula da harkar sadarwa, muna da HAPDP da aka kafa don kare bayanan mutane, muna da ma'aikatar kasuwanci, ga duwan da kowane kwali ke bi ta gabanta. Manyan ƴan kasuwa masu shigo da waya sanannu ne, ba su da yawa. A ce masu duk samfurin da zai shigo sabo, a liƙa mashi takarda da Faransanci da Hausa da Zabarmanci mai faɗin Android nawa ne ciki, da shekarar da faci zai tsaya. Wanda kamfaninshi ya ƙi faɗa, a rubuta cewa babu alƙawari, mai saye ya gani da idonshi. In an ce kasuwar Nijar ta yi ƙanƙanta ta sa kamfanin Shenzhen ya saurara, to Nijar da Mali da Burkina Faso a haɗe sun haura mutum miliyan 70, kuma ana ta zaman daidaita dokoki tsakaninsu. Ita ma gomnati da ƙungiyoyin da ke sayen tabilet ɗari-ɗari da kuɗin jama'a, su ne suka fi kowa ƙarfin ciniki. Su sa sharaɗin shekarun sabuntawa cikin takardar kwangila, su kuma rubuta sunan ofishin da zai karɓi na'urorin ya shafe bayanan da ke ciki ranar da aikin ya ƙare.